Barewar da Na Yi Kewa

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baturen makaranta ya zo duba ajina ba. Lokacin ina koyar da 'yan aji uku a wata elementare ta En'e a Haɗejiya, kuma an riga an raɗa min cewa idan Baturen ya yaba da aikina, ni za a ba hedimasta a sabuwar makarantar da ake ginawa wajen Kafin Hausa. Na sa rai har na sa an ɗinka min babbar riga (matata ta ce ɗinkin ya yi gaggawa, na ce mata ba ta san harkar manya ba).

A shekarar ne takarda ta zo cewa a riƙa koya wa yara labarin namun dajin da suka ƙare a ƙasarmu da waɗanda suke shirin ƙarewa. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Idan na ce zan ba da labarin kiyashi, kafin in gama ya kai girman ɗan maraƙi. Na gaya wa yara yadda kakana ya ce a zamaninsa giwaye kan tare hanyar garin Baturiya har mai zuwa kasuwa ya kwana biyu yana jiran su wuce. Na ce jimina ta tafi, raƙumin dawa ya bi ta, yanzu saura barewa da gauraka, su ma suna ɗaure kaya. Da na ga idanunsu sun yi rau-rau sai na ƙara gishiri. Na dafa ƙirji na ce, "Shekara bakwai rabona da barewa. Ya Allah, ka haɗa ni da barewa ko sau ɗaya kafin in mutu." Har da ɗan hawaye na matso.

Abin da na manta shi ne al'adar garinmu. A wurinmu malami ba ya roƙo, sai dai ya yi kewa. Idan ka ce a gaban yara, "Kwana biyu ban ga tarwaɗa ba," gobe da safe ɗan masunci zai iso da ita a ƙwarya. Ni kaina (tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) da wannan dabarar na ci dinya ta fi a ƙirga, duk kaka idan tsuntsaye suka cika fadama. Kuma a layin gaba akwai Habu, ɗan Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu gaba ɗaya.

Bayan kwana huɗu Bature ya iso da hantsi. Dogo ne, wuyansa ja wur, yana jin Hausa irin ta littafi, wadda ake furta kowane harafi kamar ana tsinkar ƙaya. Ya zauna a bayan aji da ɗan littafinsa. Na zana barewa a allo (wani yaro ya ce akuya ce, na harare shi ya gane barewa ce). Darasi ya tafi sumul. Na ce, "Wa zai kashe barewa a cikinku?" Aji ya amsa, "Ba mu ba, Malam." Na ce, "Wanda ya ci namanta fa?" Suka ce, "Ya ci amanar jikokinsa." Na saci kallon Bature, na ga yana gyaɗa kai yana rubutu. A raina na riga na shiga Kafin Hausa a kan keke, ana ta yi min barka da zuwa.

Sai na ji kukan jaki a bakin ƙofa, aka yi sallama.

Sarkin Baka ne da kansa, da rigar layu da kwari a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Bai jira izini ba, ya sauke wani abu daga bayan jakin, ya rungumo shi, ya shimfiɗa a kan teburina, daidai ƙarƙashin zanen da na yi. Barewa ce, a yanke.

"Allah ya gafarta Malam, ga ta," in ji shi. "Habu ya ce har kuka ka yi. Na ce ina raye malamin ɗana ba zai yi kukan barewa ba."



Ya ci gaba, yana share gumi. "Kwana uku ina bin sawunta, har bayan Baturiya. Kuma ka yi sa'a, Malam, don ina jin ita kaɗai ta rage a wajen nan. Da ka ƙara mako guda, wani ne zai riga ka."

Na juya wajen Bature na ce, "Ranka ya daɗe, kayan koyarwa ne. Don yara su gani da idonsu." Wallahi har ya fara sassauta fuska. Sai Sarkin Baka ya zaro wani ƙunshin ganye daga jakarsa ya miƙo min da hannu biyu.

"Ga hantar nan daban, yadda kake so a yi maka da ta dinya."

Bature ya taso a hankali, ya dubi zanen, ya dubi ta kwance, sannan ya tambayi yara, "Wannan dabba, tana cikin waɗanda suka ƙare, ko waɗanda suke shirin ƙarewa?"

Habu ya ɗaga hannu, don yaro ne mai ƙoƙari. "Jiya tana shirin ƙarewa, ranka ya daɗe. Yau ta ƙare."

Bature ya ce amsar daidai ce. Ya rufe littafinsa, ya gaisa da Sarkin Baka da girmamawa, ni kuwa ya ce min, "Sai wata rana, Malam," da muryar da ta nuna ranar tana da nisa.

Wani aka ba Kafin Hausa. Babbar rigata sai a sunan ɗan ƙanena ta fara ganin rana. Naman kuwa, tunda an riga an yanka kuma ɓarna haramun ce, na ci shi ina baƙin ciki (da ɗan yaji). Fatar da ƙahonnin na rataye su a aji, har yau da su nake koyarwa, kuma har yau a kasuwa Malam Barewa ake kirana.

Daga baya na je gidan Sarkin Baka na yi masa bayani dalla-dalla, cewa a raye nake son ganinta, tana tsalle a daji. Ya dube ni ya ce, "To ai da ka faɗa, Malam. Mu mun ɗauka irin kewar da ka saba ce." Ya yi min alkawarin zai hana yaransa taɓa mai ciki da mai shayarwa, kuma ya cika.

Mako na gaba darasinmu a kan dorina ne. Kafin in ɗauki alli sai da na tsaya a gaban aji na ce, "Kowa ya gaya wa babansa: Malam ya ga dorina jiya, ya ƙoshi da ganinta, ba ya kewarta ko kaɗan." Na sa Habu ya maimaita sau uku.