Rasuwar Uwar Gandu a Hanyar Kwandiko

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannuwa cike da baƙin mai, iyalan Baba Maikano na Kwandiko suna sanar da rasuwar motarsu, Uwar Gandu, tsohuwar a-kori-kura mai silinda takwas. Ta cika ranar kasuwar Gwaram, a cikin yashin rafi, ɗauke da riɗin gidan gaba ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ɗauki taki, ta ɗauki amare, ba ta taɓa nuna bambanci ba. Saboda ita 'ya'yan Baba uku suka ci gaba da noma tare, domin mota ba ta rabuwa uku.

Ciwon ajalinta ya fara ne da tsagewar manifol, wato ƙarfen da ke raba wa silindodi iska da fetur. A Birnin Kudu aka samu iri biyu. Ɗaya yana da katanga a tsakiya, ɗaki biyu, kuma shi ne ke ba mota ƙarfin ja idan tana tafiya a hankali. Ɗayan fili ɗaya ne kamar zaure, ba ya nuna kansa sai injin yana ihu.

Jafaru, ɗan Baba kuma direbanta, ya so mai zauren saboda ya gan shi a waya, a jikin motocin tsere. Badamasi, babban wa, ya so mai ɗaki biyu. Aka kai wa Baba. Ya leƙa cikin duka biyun, ya ce a gidansa ba a taɓa gina katanga tsakanin 'yan'uwa ba, kuma ba za a fara daga mota ba. Aka ɗaura mata mai zauren.

Hanyar Kwandiko ba ta san tsere ba. Marigayiyar, wadda a da take cewa "gudum-gudum", ta koma "kuf… kuf". A rafi ta nemi ƙarfi ta rasa. Jafaru ya taka totur har ƙasa. Ta ce "ƙwas", ta yi shiru. Jakuna suka kai riɗin bayan kasuwa ta watse.

Ta bar tayoyi huɗu, jek ɗaya, da kaza mai kwanci a ƙarƙashin kujera.

Za a ja gawar da shanun huɗa ranar Asabar zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida, inda za a karɓi gaisuwa. Bayan la'asar magada za su raba kayanta uku, washegari kuma gonar. Manifol ɗin na Baba ne. An duba, ba shi da wurin rabawa.