Yaƙin Injiniya Hamisu da Hannun da ke Sakin Sukundireba

Da sunan Mai kowa Mai komai, ga tarihin sadauki Injiniya Hamisu, ɗan Tanko Maƙeri, jikan Barau Ci-wuta, tsatson gidan da tun kaka da kakanni ba su taɓa ƙera fartanyar da ta fita daga ƙotarta ba. Dodon ƙarfe, garkuwar wata masana'antar murhun gas a Sharaɗa, gwarzon da ko biro ya riƙe sai ka tausaya wa biron.

A shekarar da aka kawo mutum-mutumi mai hannu ɗaya don ɗaure sukurun murhu, wata gagarumar musiba ta afka wa daular, domin hannun nan, duk da ƙasaitarsa da haibarsa, sai ya riƙa sakin sukundireba ana tsakiyar aiki. Manaja Hajiya Uwani ta yi shela: in Hamisu bai ƙera masa mariƙi kafin Juma'a ba, za a kira injiniyoyin Legas, shi kuwa ya koma sito yana jera kwalaye.

Nan take jinin maƙera ya motsa. Kwana huɗu yana artabu da kwamfuta, ya zana ya goge, ya ƙaurace wa abincin rana da hirar abokai, har Allah ya ba shi fatahi, ya fito da mariƙi mai haƙora goma sha biyu wanda ko kura ta gani sai ta rufe bakinta.

Ranar gwaji ma'aikata suka yi sahu. Sadauki ya ɗaura mariƙin, ya ja da baya, ya daka wa hannun tsawa: “Saki mu gani, in ka isa!” Hannu ya ɗaure sukuru shida cif, bai ko yi gezau ba. Wuri ya kaure da tafi.

Sai dai aikin hannun kashi biyu ne. Bayan sukuru shida yakan ajiye sukundireba ya ɗauki abin huda ƙarfe. Wannan na rubuce a shafi na biyu na takardar aikin, amma jarumai ba sa kaiwa shafi na biyu. Hannu ya je ajiyewa, mariƙi ya ce atafau. Hannu ya girgiza, ya karkaɗa, jar fitila ta kama, aiki ya tsaya cak. Da zarto aka raba su, washegari bayan la'asar.

Wallahi na tausaya wa Hamisu ranar da ya durƙusa gaban mahaifinsa a maƙera, ya zayyana masa komai, har da komawarsa sito.

Tsohon ya ajiye guduma. “Dakata. Ya saki?”

“Bai saki ba, Baba.”

“To Allah ya yi maka albarka. Me kuma suke nema?”