Yadda Za Ka Gwada Bindigar Babanka Ba Tare da Ta Tona Maka Asiri Ba

Kai da ka shekara ashirin kana ba da labarin farauta alhali ko ƙadangare ba ka taɓa harba ba, matso kusa. Matakan nan biyar ba sa ba da kunya. Da matakan nan ne Don Evaristo, mai askin garinmu a nan Córdoba, ya tafi filin harbi ran Lahadi, bayan ƙanin matarsa Lisandro ya ce a gaban masu jiran aski, "Mijin Yaya, wai bindigar nan ta jikin bango tana tashi kuwa, ko ado ce?" Ƙa'idar filin kuwa ka san ta: wanda ya fi kowa kuskure shi ke kankare ƙarfen gashin nama, maza na kallo.

Mataki na 1: Ja lokaci

Buɗe bindigar, ka leƙa bakunan nan biyu, ka girgiza kai kamar likita. Gwani ba ya gaggawa. Don Evaristo ya yi ta leƙe har ƙoƙon mate, shayin da ake sha bi da bi, ya zagayo kansa sau uku.

"Wani abu ka ajiye a ciki ne?" in ji Lisandro.

Mataki na 2: Gwada daɗin riƙo

Ɗora, sauke, ka ce gindin ya ɗan yi tsawo. Za ka ji ana cewa ka manna shi sosai a kafaɗa. Ƙyale su, 'yan koyo ne. Bar tazara kaɗan, ai rigarka ta sha guga.

Mataki na 3: Ce "Saki!"

Za a cilla faifan yumɓu sama don ka harba. Runtse ido, ja kunama. Haka mutumin namu ya yi, bindiga ta yi masa harbin alfadari, hula ta yi gabas, shi ya zauna daɓas. Biyar aka saki, biyar suka sauka lafiya lau cikin ciyawa. Mai filin ya tsince abinsa ya mayar kwali, har da godiya.

Mataki na 4: Nemi mai laifi

Fara da iska. In babu iska, rana ce ta shiga idonka. In sun ƙare, harsashi ya sha sanyi. Don Evaristo ya cinye waɗannan tun a harbi na uku, saboda haka ya juya kan bindigar.

"Bakinta a karkace yake," ya ce yana murza kafaɗa. "Dama marigayi Baba bai taɓa iya zaɓen ƙarfe ba."

Wallahi nan raina ya ɓaci. Da bindigar nan tsohon ya ciyar da 'ya'ya bakwai, har da shi Don Evaristo mai maganar.

Mataki na 5: Bar matarka a gida

Wannan shi ne babba, kuma shi Don Evaristo ya tsallake. Matarsa Doña Nélida tana can tana yanka burodi. Sai ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a siket.

"Tsoho, miƙo nan."

"Nélida, ke kuma..."

"Na ce miƙo."

Ta manna gindin a kafaɗa. Saki, tas! Saki, tas! Biyar ɗin duk suka zama gari. Lisandro ma da ya tsokano zancen ya kasa dariya.

"Bakinta lafiyarsa lau," ta ce. "Shekara ashirin ina harbo kurciya kana ratayewa a ƙofar shago kana cewa kai ka harbo, ban ce uffan ba. Amma babanka da ya koya min harbi ba ya nan balle ya kare kansa."

Ta saɓa bindigar, shi kuma ta miƙa masa burushin kankare ƙarfen gashi. Ya durƙusa gaban murhu ya fara aiki da hannu ɗaya.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da kafaɗar da ta kumbura, ko hular da ta ɓata, ko matar da ta gaji da yin shiru. In kuma ka je aski ran Litinin ka tarar da mai aski riƙe da aska a hannun hagu, ka zauna, ni ban aike ka ba.