Nomau da Ƙwayar Tsinka Jini

A ƙauyen Rafin Gwaza akwai wani magidanci wai shi Nomau. Ƙarfi kamar na sa, zuciya fara tas, amma in ka ce masa ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, to sai kaka za ka same shi a wurin. Su uku ne a gidan: shi, matarsa Kuluwa, da mahaifiyarsa Inna Tabawa, tsohuwa mai kaifin baki da raunin gwiwa, wadda ba ta wata guda ba ta sha ƙasa ba.

Da haki ya dami Inna, suka kai ta asibitin birni. Likita ya ce zuciyarta ba ta bugawa daidai, sai ta ruga, ta tsaya, ta sake rugawa. Irin wannan kan sa jini ya yi guda ya toshe ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ya rubuta ƙwayar tsinka jini, ɗaya kullum, sannan ya dubi Nomau. "Amma fa mai shan wannan, in jini ya ɓalle masa da wuyar tsayawa. Kada ka bari ta faɗi."

Wata rana Kuluwa ta dawo daga niƙa ta tarar Nomau ya sare ƙafafun gadon Inna da gatari, tsohuwa na shimfiɗe a ƙasa, shi kuma ya tsare ƙofa.

"Malam, me ke nan?"

"Wanda ke ƙasa ba ya faɗuwa."

"Kai ɗan nan, alwala zan yi!" in ji Inna.

"Yi a kwance, Inna."

Kwana uku bai bar ta ta miƙe ba, har ƙafafunta suka yi tsami, ba ta iya taka su. Sai da malamin kiwon lafiya na garin ya zo ya ce kwanciyar nan ta fi yawo haɗari. "Bar ta ta taka. Kai dai ka kawar da duk abin da zai sa ta tuntuɓe."

Wata rana da hantsi Nomau ya shiga aiki. Ya fitar da turmi, ya kwashe duwatsun murhu, ya kai awaki gidan maƙwabta. Ya dubi ginin bakin rijiya, wanda tsawonsa bai wuce gwiwa ba, ya ce wannan ma abin tuntuɓe ne, ya rushe shi ya share wurin fes. Inna ta fito da buta tana lalube, ga idon ba ƙarfi. Taku biyar tsakaninta da rami. Taku uku. Kuluwa ta jefar da tsintsiya, ko ihu ta kasa, ta yi tsalle ta cafko zanen tsohuwa ta baya. Butar ce ta tafi, suka ji ƙararta can ƙasa.

"Ai ba ta yi tuntuɓe ba," in ji Nomau.

Da suka koma awo ƙarshen wata, Likita ya ji labari ya riƙe baki. Ya ce a mayar da ginin rijiya, a samo mata sanda. "Abu ɗaya kuma: in ta bugu a ka, ko kaɗan ne, ko ta ce lafiyarta ƙalau, ka kawo ta nan take. Kada ka saurari kowa."

Wata rana ana suna a maƙwabta, Inna ta sunkuya za ta shiga ɗakin mai jego, goshinta ya daki katakon ƙofa. Ƙum! Ta yi dariya ta ce ba komai. Can ta ce kanta na ɗan sarawa. Wanzamin da ya yi wa jariri aski ya ciro ƙaho da aska. "Mataccen jini ne, Inna. Tsaga uku a ƙeya, na zuƙe shi, shi ke nan."

Har ta kwance ɗankwali, labari ya kai wa Nomau. Ya yagi auduga daga matashi ya cusa a kunnuwansa biyu, ya shigo tsakiyar mata da baro, ya sunkuci uwarsa ya ɗora.

"Sauke ni, ja'iri! Ko tuwon suna ban ci ba!"

"Nomau, ka haukace? Ɗan ƙulu ne kawai!" in ji matan gidan suna.

Liman ya ɗaga masa hannu a ƙofar gida, bai ko waiga ba. Ya tura baro har bakin titi, mutane na biye suna kira, ya tsaya tsakiyar kwalta sai da wata motar tumatir ta ci birki, suka shiga har da Kuluwa. Kafin su isa birni zagin Inna ya fara sarƙewa, daga baya ta yi shiru. Ita Kuluwa, da ke riƙe da kanta, shirun nan ya fi zagin tayar mata da hankali.

Aka ɗauki hoton kai, sai ga jini na tsattsafowa ta ciki. Aka dakatar da ƙwayar, aka yi mata allurai, aka kwantar da ita. Washegari da safe ta buɗe ido ta ce wa ya cinye mata tuwonta.

Likita ya fito ya dafa kafaɗar Nomau. "Da kun kwana a gida, ko da askar nan ta taɓa ta, da yanzu wani zancen ake yi. Ka ceci uwarka."

Nomau ya zuba masa ido kawai.

"Cire audugar mana, Malam, Likita ne ke magana!" Kuluwa ta yi masa nuni da hannu.

Ya girgiza kai, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin ya ji: "Cewa ya yi kowa!"