Rasuwar Sauro, Jirgi Mai Farfela Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai da na kasa ɗagawa tun shekaranjiya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa jin ƙararsa ta bayan katanga, cewa Sauro ya rasu. Sauro shi ne ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, mai farfela huɗu, da aka haɗa a gidanmu. Ya cika ranar Laraba da rana tsaka, a cikin bahon wanki, bayan gajeriyar tafiya. Mama ta ce kada in kuskura in sa masa addu'ar da ake yi wa mutane, don ba abar wasa ba ce, shi ya sa ba ku gan ta a sama ba.

An haifi marigayin a ƙarƙashin gadona, cikin kwalin takalmi, kuma ba rana ɗaya aka haife shi ba. Hannayensa huɗu sandar labulen ɗakinmu ce da ta karye, na yanka ta da zarton aro. Cikinsa murfin robar abinci ne. Injinansa da batir da risiba, wato ɗan akwatin da ke karɓar umarni daga rimot, duk daga shagon Mai Rediyo na bakin titinmu suka fito, wasu sababbi, wasu daga kwandon da yake tara matattun kaya. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma masu koyar da wannan aiki a waya da Turanci suke magana, da sauri kamar ana korarsu. Sai na riƙa kashe muryar ina kallon hannuwansu kawai. In tsayar da hoton, in ga inda jar waya ta nufa, in duba tawa.

Mama ce ta raɗa masa suna. Ranar da injinansa suka fara juyawa ta leƙo ɗaki da muciya a hannu ta ce, "Auta, wannan wane irin sauro ne kike kiwo?"

Dole in faɗi wani abu game da asalin marigayin, domin an daɗe ana danganta shi da wanda ba shi ya haife shi ba. Ranar da na fara zuwa shagon, maza ne cike suna jiran wayoyinsu. Na nuna abin da nake so da yatsa. Mai Rediyo ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa zai yi aiki da wannan?" Duk suka juyo. Sai na ji bakina ya ce, "Yayana." Yayana wanzami ne na zamani, aski yake yi a shago, kuma ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidanmu ni yake ƙwala wa kira. Tun daga ranar na zama 'yar aike, shi kuma ya zama Injiniya ba da saninsa ba. Duk shawarar da aka ba ni a shagon nan da "Ki ce wa Injiniya" take farawa.

Marigayin mai haƙuri ne. Na ƙona shi da ƙarfen narka dalma a wurare da dama, na manne masa waya a inda ba nan take ba, na ɓamɓare na sake mannewa, bai taɓa yin fushi ba. Mai gaisuwa ne kuma. Da an sa masa batir zai ce ti-ti-ti, ya ɗan yi shiru, ya ce tiii, kuma har ya bar duniya bai taɓa tashi ba tare da ya yi wannan gaisuwar ba. Aibinsa ɗaya ci. Batirin da zan yi rabin yini ina caji, kafin ruwan shayi ya tafasa ya cinye shi. Amma babbar ɗabi'arsa ita ce biyayya, kuma ita ce ta kai shi.

Ya yi fama da rashin lafiya tun yana ƙarami. Da farko ciwon kifewa ne: da na ɗaga masa wuta sai ya yi tsalle ya kwanta rigingine, yana wutsil-wutsil kamar kyankyaso. Na je na ce Yaya ya ce abin yana kifewa. Mai Rediyo ya yi dariya har da tari. "Ki ce wa Injiniya farfela kamar takalmi take, akwai ta dama akwai ta hagu. Ya sa wa yaro takalmi a juye, yana mamakin ya faɗi." Na dawo na sauya su, ciwon ya tafi.

Sai kurumta. Rimot yana magana, Sauro ba ya ji. Ashe sai an haɗa su sun san juna tukuna, kuma haɗin yana buƙatar hannu uku: ɗaya ya danne ɗan maɓallin risiba, ɗaya ya sa batir, ɗaya ya kunna rimot. Da na kira Mama ko Yaya da an gama tuni, amma na kasa. Na danne maɓallin da tsinken sakace da na riƙe da haƙora, na kunna rimot da babban yatsan ƙafa. Fitilar da ta daɗe tana ƙyaftawa ta tsaya cak. Na taɓa 'yar sandar hagu ta rimot, injina huɗu suka amsa tare, zzzz, na sake ta suka yi shiru. Na tusa fuskata cikin filo na yi ihu, don kada a ji.

Tashinsa na farko a ɗaki ne, da igiya a ɗaure da ƙafar gado. Ya kai gwiwata, ya tsaya yana rawa, iskarsa tana ɗaga gefen zanin gado. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Ciwon ajali ya shiga ne ranar da na je sayen sabuwar farfela. Mai Rediyo ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ki ce wa Injiniya kafin ya fitar da shi waje, ya koya masa abin da zai yi in rimot ya ɗauke. In bai koya masa ba, umarnin ƙarshe zai riƙe ya yi ta tafiya." Ya faɗi sunan abin da Turanci, ya jero yadda ake yi, wannan maɓalli sannan wancan. Rabi na kama. Tambaya tana bakina, amma ɗan aike ba ya tambayar wane maɓalli ne na biyu, kuma na san in na tambaya da irin muryar da ke cikina zai gane. Ya ce, "Kin riƙe?" Na ce na riƙe. Har na juya ya ƙara da cewa, "Kuma ki ce masa ina neman hannu a shagon nan. Idanuna sun gaji da ƙananan wayoyi. Ranar da abin ya tashi ina so in gani."

Akwai benci a gefen tagar shagon, da fitilarsa, da gilashin da ke ƙara girman abu, babu kowa a kai. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son zama a bencin nan ba. Na ce, "To, zan gaya masa."

Ranar Laraba gidan ya yi tsit. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya muke da maƙwabta, amma kowa ya fita aiki. Mama ta tafi kasuwa, Yaya ya dawo hutun rana ya kwanta. Na kwance wa Sauro igiya na fito da shi. Ya yi gaisuwarsa. Ya tashi ya kai ƙirjina, ya wuce kaina, ya tsaya daidai igiyar shanya kamar an rataye shi. Na ce dama ya yi dama, na ce dawo ya dawo. Na manta da kaina, har ina dariya baki buɗe.

Sai na ji sallama. Mai Rediyo ne, yana wucewa zuwa cin abinci ya ji ƙarar.

Ban yi tunani ba. Na kai rimot bayana, kuma a kaiwar babban yatsana ya tura sandar wuta sama. Na ji kukan Sauro ya sauya. Cikin ruɗu na lalubi makunni na kashe rimot gaba ɗaya, a zatona in na yi shiru shi ma zai yi shiru. Na sunkuyar da kai na ce, "Ina wuni, Baba." Ya amsa, ya tambayi Mama, ya tambayi gida, ni kuma ina amsawa ina kallon silifas ɗina, jirgina yana ta hawa a saman kawunanmu. Abu na ƙarshe da na gaya masa shi ne ya hau, kuma bai saɓa ba.

Sai Mai Rediyo ya ɗaga kai. "Kai, ya tashi! Ina mai tuƙin?"

Na ce, "Ban sani ba."

Wannan ita ce maganata ta ƙarshe da marigayin ya ji, in yana ji. Ya karkata, ya daki ƙarfen tankin ruwa, ƙwas, hannunsa ɗaya ya rabu da shi a sama. Ya gangaro kan kwanon rufi, ƙarara, ya faɗa bahon da maƙwabciyarmu nas ta jiƙa fararen kayan aikinta. Ya ce zzt, ɗan hayaƙi ya tashi. Shi ke nan.

Yaya ya fito da singileti, shatin filo a kumatunsa.

Mai Rediyo ya juya kansa. "Injiniya! Ban aiko maka ka saita abin nan ba?"

Yaya ya waiga bayansa ya ga ko da wani a tsaye. Sannan ya dubi bahon, ya dube ni, ya ga eriyar rimot ta leƙo ta gefen ƙuguna. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Baba, sha'afa na yi."

"Sha'afa? Da kan yaro ya faɗa fa? Ka aiko yarinya ta yi ta sintiri, saƙo ɗaya ka kasa riƙewa!"

Yaya ya tsaya ya sha faɗan nan tas, yana "A yi haƙuri, Baba," ni kuma ina nan hannuwana a baya, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Mai Rediyo ya tsamo gawar, ya fara cire batir ya jefa shi nesa, ya juya ta ya daɗe yana duban inda aka manne wayoyi. Ya ce, "Amma hannunka da tsabta. Ka zo Asabar da safe, ka taho da shi. In ka ciro abin da ya tsira a gabana ba ka lalata ba, bencin naka ne."

Bayan ya fita Yaya ya zauna a bakin baranda ya dube ni. "Auta, ni kika mayar injiniya? Ni da ban san gaban sukundireba da bayanta ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Faɗan na sha, na yafe. Amma ranar Asabar ba zan riƙe ƙarfen wuta in ƙona wa bawan Allah shago ba. Ko ki buɗe bakin nan, ko ya ba wani bencin. Zaɓi naki." Da Mama ta dawo ta ji labari ta yi dariya har ta zauna a kan kayan cefanenta, daga baya ta ce, "Kin iya sa ƙarfe ya tashi sama, kin kasa cewa ni ce?"

Marigayin ya rasu ya bar rimot ɗaya, lafiyarsa ƙalau, wanda na kifa a ƙarƙashin gado don ba na iya haɗa ido da shi. Ya bar farfela biyu masu rai da ɗaya da har yanzu take kan rufi. Ya bar injina huɗu, uku ana sa ran za su tashi, na huɗun yana ƙara kamar akwai yashi a cikinsa. Batirinsa ya kumbura, yana cikin bokitin yashi a bayan gida, ana roƙon kada kowa ya je duba shi. Ya bar baƙin tabo a kafaɗar rigar nas, wanda na wanke har yatsuna suka yi fari bai fita duka ba, ita kuma ta ce ba komai, da irin muryar da ke nufin akwai komai. Ya bar kawu ɗaya da ya sha faɗa saboda shi. Ya kuma bar wadda ta haɗa shi, wadda ta ce ba ta san shi ba.

Iyalan marigayin suna godiya ga yaran layinmu da suka tsinto hannunsa a kwata suka kawo, duk da sun riƙa yin kukansa da baki har ƙofar gida.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da safe. Za a ɗauki gawar daga gida cikin kwalinta zuwa shagon Mai Rediyo. Ba za a binne shi ba, za a kwance shi ne a kan benci, a ciro abin da zai amfani na baya. Yaya ya ce zai raka gawa har bakin ƙofa, hannu a aljihu, daga nan zai wuce wurin askinsa, kuma ko kuka na yi ba zai shiga ba. Ni ce zan ɗauki kwalin. Maganar da zan faɗa gajeriya ce, na gwada ta a gaban madubi, wani lokaci tana fita, wani lokaci ta ƙi.

Ana roƙon masu jiran gyaran waya da za su kasance a shagon su ci gaba da hirarsu kamar ba su ga kowa ba. Ba a buƙatar ta'aziyya, ba a buƙatar kallo. Amma duk wanda ya zo wucewa ya ga wata tsaye a bakin ƙofa da kwalin takalmi a ƙirji, ta kasa shiga ta kasa komawa, don Allah kada ya tambaye ta komai. Ya dai ɗan tura ta ciki.