Ranar da Na Ƙara wa Firij Wuta

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Haɗeja ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Yau gemuna ya yi fari, jikoki na hawa kaina, amma duk sanda ƙarnin kifi ya haɗu da warin kananzir a hancina, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Gidanmu gidan banda ne. Baffa Haladu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ke sayen kifi a hannun masuntan Guri da ƙauyukan fadama. Ƙanwarsa Gwaggo Dije da matan gida su kyafe shi, a shirya a kwanduna, fatake daga kudu su zo su kwashe. Haka na buɗe ido na tarar. To, a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, sai fataken nan suka soma ja da baya. Aka ce wai kifin ƙanƙara ake shigo musu da shi ta jirgin ruwa, ya cika kasuwanninsu, ga arha. Wanda ya saba ɗaukar kwando goma ya koma uku, wani kuma sai dai a ji labarinsa. Bakuna kusan ashirin ke ci daga bandar nan, kuma kowa a gidan ya ga yadda Baffa ya rage magana.

Daidai lokacin na dawo daga Kano da takardar shaidar wata makarantar koyon kasuwanci. (Wata tara na yi, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse shekara tara na yi a Ingila.) Ga wando mai faɗin ƙafa, ga biro uku a aljihun gaba, biyu daga ciki ma ba sa rubutu. Ban yi mako guda ba na zaunar da Baffa a zaure na fara karanta masa darasi.

"Baffa, duniya fa ta canza. Kasuwa ta bar hayaki ta koma sanyi. Wanda ya tsaya kan banda, zamani zai wuce ya bar shi."

Baffa ya dube ni ya ce, "To, Manaja, me ka gano mana?"

A lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Gaskiya dai na gano wani abu, kada in zalunci kaina. Wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani a bayan gari, kuma mai dafa wa manyan ma'aikatansa abinci ita ce Madam Saratu, 'yar kudancin Zariya, matar Malam Bitrus mai koyar da kimiyya a sakandare. Mutanenta ɗanyen kifi suke so, ba banda ba. Matsalarta ita ce yau a samu, gobe a rasa, domin kifi ba ya fitowa daga ruwa bisa alƙawari. Ta ce mini in har akwai gidan da zai iya ajiye mata ɗanyen kifi ta riƙa ɗauka duk mako ba fashi, to ita da wannan gida har kamfanin ya tashi. Wannan ciniki kaɗai ya isa ya toshe gurbin da fatake suka bari.

Unguwarmu ba lantarki, saboda haka na ce a sayi firij mai aiki da kananzir. Baffa ya yi kwana uku yana juya maganar, ya yi istihara, sannan ya sayar da bijimai biyu da yake kiwo. Har yau ina tuna yadda ya shafa bayan jan bijimin kafin a ja shi.

Ranar da babbar mota ta sauke firij ɗin, unguwa ta taru kamar an kawo amarya. Fari ne sol, ya kusa kai ni tsawo. A ƙasansa akwai tankin kananzir da lagwani irin na fitila, da wani siririn bututu a baya. Makanikin da ya rako shi ya durƙusa ya kunna, wata 'yar wuta shuɗiya ta kama, ba ta fi farcen yatsa ba.

Gwaggo Dije ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wai da wuta yake yin sanyin?"

Na ce, "Kimiyya ke nan, Gwaggo. Ba za ki gane ba."

Ta ce, "Allah mai iko," ta koma wajen bandarta.

Makanikin ya gaya mini abu biyu kafin ya hau mota. Na farko na ji shi sarai: kada a yawaita buɗewa, sanyi zai gudu. Na biyu kuwa ya faɗe shi ne daidai lokacin da nake bayyana wa jama'a yadda ake kasuwanci a ƙasashen da suka ci gaba, don haka kai kawai na gyaɗa masa. Ya kuma miƙo mini ɗan littafin bayani da Turanci. Na sa shi a aljihu, na bar rabinsa a waje yadda kowa zai gani. (Ban buɗe shi ba. Mai takardar shaida ai ba ya karanta littafin makanikai.)

Bazara ce, ruwan fadama ya ja, kamun kifi ya yi kyau. Ran Juma'a da hantsi masunta suka kawo kifin da ban taɓa ganin irinsa a gidanmu ba: giwan ruwa biyu manya, karfasa masu ƙiba, da ragon ruwa. Gwaggo ta miƙa hannu za ta ware na banda, na ce a'a, wannan duk na firij ne. Muka feɗe su, muka wanke, na danna su ciki har ƙofar sai da na sa gwiwa ta rufu. Muka yi da Madam za ta zo ran Lahadi in an taso daga coci.

Da muka sauko daga masallacin Juma'a na shiga ɗakin in duba. Na taɓa jikin firij, na duƙa na kalli wutar. Sai zuciyata ta ce mini, yanzu wannan 'yar ficiciyar wutar ce za ta sanyaya giwan ruwa biyu? Na yi lissafi irin na masu ilimi: in ƙaramar wuta tana ba da ƙaramin sanyi, babbar wuta za ta ba da babban sanyi. Na kama maɓallin lagwani na murɗa. Wutar ta tashi ta zama ja, tana lasar bakin bututu, har da ɗan hayaki. Na ji daɗi a raina, na ce yanzu aka fara aiki. Na rufe taga, na ja ƙofa na sa kwaɗo, na zura makullin a igiya na rataya a wuya, don kada wani jahili ya shiga ya yi mini ɓarna.

Ran Asabar da rana Gwaggo ta tare ni a tsakar gida.

"Ɗan nan, ƙudajen da ke bakin ƙofar ɗakinka ba irin na gidan nan ba ne. Koraye ne."

Na ce, "Gwaggo, gidan kifi a rasa ƙuda?"

"Ni dai da ka buɗe ka duba."

"In na buɗe sanyi zai gudu. Ku dai ku bar wa masu abu abinsu."

Ta juya ta tafi. Ni ma hancina ya ɗan jiyo wani abu, amma na ɗora wa kwatar bayan gida laifi.

Lahadi ranar kasuwa ce, gari cike da baƙi. Ni kuma ban tsaya ga Madam kaɗai ba, sai da na bi na gayyato mutane su zo su ga makomar sana'ar kifi da idonsu: dillalai, masuntan da suka kawo kifin, limamin unguwa, har da Alhaji Sabo maƙwabcinmu, wanda shi ma kifi yake sayarwa kuma tun ranar farko yake yi wa firij ɗin kallon hadarin kaji. Baffa ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Madam ta iso ita da mijinta kai tsaye daga coci, cikin farin leshi da farin ɗankwali, ta rusuna ta gaida Baffa.

"Baba, ina wuni? An ce yau za mu ga abin mamaki."

Baffa ya ce, "Haka Manaja ya ce, Madam."

Na tsaya a bakin ƙofa na yi jawabi. Na yi maganar zamani, na yi maganar kasuwar duniya, na ce nan da shekara biyar ba wanda zai ƙara shaƙar hayaki a Haɗeja saboda kifi. Sannan na cire kwaɗo na tura ƙofa.

Zafi ne ya fara fitowa, kamar an buɗe tanda. Bangon da ke bayan firij ya yi baƙi ƙirin har rufi, farin firij ɗin nan ya koma ruwan toka. Wutar ta mutu tun ban san yaushe ba, baƙin hayaki ya toshe bututun. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce jama'a a yi haƙuri. Ni kuwa sai na ce, "Wannan ba komai, waje ne kawai. Madam, matso ki gani."

Ta matso. Na ja ƙofar firij.

Ba zan iya kwatanta warin ba, kuma ba na so in gwada. Kifin ya kumbura ya saki, wani ruwa mai yauƙi da ya taru a ciki ya kwararo gaba ɗaya, ya bi ta kan takalmana ya fantsama a farin leshin Madam tun daga gwiwa har ƙasa. Kan giwan ruwa guda ya silalo ya faɗo tsakaninmu. Madam ta yi ƙara ta ce, "Yesu!" Liman ya ce, "Subhanallahi!" Duk suka yi waje tare suna toshe hanci.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce, injin ne ya ci amanata. Amma Malam Bitrus ya sa hankici a hanci ya duƙa ya duba ƙasan firij, ya miƙe ya ce, "Ai an murɗa lagwanin nan har ƙarshe. Wutarsa ƙarama ake bari, shuɗiya. Da ta yi ja, ba sauran sanyi."

Nan ne na yi abin da ya fi ruɓewar kifin muni. Na fito tsakar gida, na dubi wajen da Gwaggo da matan gida suke tsaye, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wane jahili ne ya shiga ya taɓa mini wuta? Na san za a rina! Mutanen da ba su san komai ba sai hura wuta!"

Gwaggo ta juyo gare ni. Hannu kawai ta ɗaga ta nuna ƙirjina. Na sunkuya na duba, kowa ma ya duba. Ga makulli nan yana lilo a kan rigata, inda ya kwana biyu.

Alhaji Sabo ne ya fara dariya, ya mai da ita tari, tarin ya ƙi ɓoye ta. Masunta suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba, fuskar Baffa ce. Bai yi fushi ba. Ya dubi kifin da ke ƙasa, ya dubi rigar Madam, ya je gabanta da girmansa da furfurarsa ya ce, "Madam, ki yafe mana. Kifin nawa ne, yaron ma nawa ne."

Ta ce, "Ba komai, Baba," amma ba ta dube ni ba.

Cinikin ya tafi. Kafin mako ya zagayo Alhaji Sabo ya yanka durom biyu ya cika da ruwan kogi, yana ajiye tarwaɗa da ranta, Madam na zuwa tana zaɓa. Ba firij, ba kananzir, ba jawabi. Shi ya riƙa ba ta kifi har kamfanin ya gama hanya ya tashi. Mu kuwa shekarar nan da ƙyar muka kai kaka.

Ni na haƙa rami a bayan gari na binne kifin, ni na wanke ɗakin. Da la'asar ina zaune a gindin bango ina ƙanƙare takalmi, Gwaggo ta zo wucewa da itace. Na ga ya kamata in nemi gafara, amma ko a nan sai da na nemi wata 'yar mafaka.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Jini ne ya ja ni. Ɗan gidan banda in ya ga kifi a kan wuta, ai hannunsa ƙara wuta zai yi."

Ta ajiye itacen ta dube ni sama da ƙasa.

"Kada ka shafa mana. A wane gidan bandar ka ga ana cika wuta? Shekara talatin ina kyafar kifi, kullum aikina rage wuta ne. In ta yi yawa, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Ko 'yar shekara bakwai a gidan nan ta san wannan." Ta ɗauki itacenta. "Na yafe maka. Amma wannan wautar ba tamu ba ce, daga Kano ka zo da ita."

Daga ranar na koyi abu guda, kuma shi na riƙe a duk kasuwancin da na yi bayan nan. Zamani yana canzawa, gaskiya ne, kuma wanda ya ƙi motsi za a bar shi a baya. Amma kafin mutum ya tara jama'a ya sanar da su cewa tsohuwar sana'a ta mutu, ya dace ya iya ko da guda ɗaya daga cikin biyun, tsohuwar ko sabuwar. Ni a ranar ban iya ko ɗaya ba, kuma ni kaɗai ne na yi jawabi.