Tauraron Sa'adatu

Wawan labarin nan ni ne, kuma na gode Allah da abin bai wuce majalisarmu ta Bakura ba.

Ɗiyata Sa'adatu tana jami'a, tana binciken taurari masu zagaya juna biyu-biyu, hasken ɗayan yana ƙaruwa yana raguwa kamar numfashi. Allah ya yi mata albarka, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ni da na tsaya a firamare sai na ji na zama malami.

Bayan magariba muna zaune a majalisa, sai na hango jan haske yana ƙyaftawa ta gabas. Na miƙe, na gyara hula.

"Ku dubi tauraron Sa'adatu! Abokin zagayensa yana bayansa."

Dattawa suka ɗauki salati. Ina tsakiyar bayani Isa tela ya ce, "Alhaji, wanga tauraro gabana aka hau ƙarfen sabis aka ɗaura shi."